Fim Ɗin Indiya Ma Kayan Tiransit Ne

Ku 'yan fadar Maraɗi, ku ƙara gawayi a murhun shayi, don yau da tsokana na zo. Kun daɗe kuna cika mana kunne cewa 'yan fim ɗin Kano ba su iya komai ba sai kwaikwayo. Wai rawa ta Indiya ce, waƙa ta Indiya ce, har kukan yarinyar da za a yi wa auren dole daga can aka ɗauko shi. Ku kuwa manya, masana asali, ba ku kallon kwafi, sai na Indiya tsantsa. Madalla. To, gidan fim ɗin da ya reni taurarin da iyayenku suka zubar wa hawaye, wa ke riƙe da kyamara a cikinsa? Bajamushe. Wa ke ba da umarni? Bajamushe, wanda ko harshen 'yan wasan ba ya ji. Wa ke zana ɗakuna da fadojin da ake wasa a ciki? Shi ma Bajamushe. Sunan gidan Bombay Talkies, an kafa shi a 1934, lokacin garin Maraɗi yana can ƙasa a bakin gulbi, ambaliyar 1945 ba ta koro kakanninmu kan tudu ba tukuna.

Alhaji ya taɓe baki. Haba Alhaji, ai kai ya kamata ka riga kowa gane zancen nan. Atamfar da ka yi shekara da shekaru kana ci da ita, a Maraɗi aka buga ta? A Holan ko a Sin aka buga ta, ta sauka Kwatano, ta biyo ta Gaya da Doso da Ƙonni, ta kwana a sitonka, 'yan duwan suka buga mata hatimi, ta tsallaka Ɗan Isa ta faɗa Jibiya. Matar da ta ɗaura ta ranar suna ba ta tambayi ta inda ta biyo ba, kuma ba wanda ya isa ya ce mata ba zanenta ba ne. Fim ɗin da kuke kira tsantsa, irin wannan tafiya ya yi.

Malamin lakwal ya ɗaga yatsa, na san abin da zai ce. Zai ce ai tun 1913 Dadasaheb Phalke ya yi Raja Harishchandra, kuma fim mai magana na farko, Alam Ara, Ardeshir Irani ne ya yi shi a 1931, duk ba Jamusawa. Gaskiyarka, malam, zauna, ka ci makinka. Ban ce Bombay Talkies ne farkon fim a Indiya ba. A zamaninsa ma akwai kishiyoyi biyu masu ƙarfi, Prabhat a Pune da New Theatres a Kalkata. Abin da na ce shi ne, in ka kama zaren fim ɗin da ake kallo yau a Zariya da Sabon Gari da Ali Ɗan Tsoho ka bi shi baya, sau da yawa a ƙofar wannan gida zai ajiye ka.

Mai gidan, Himanshu Rai, ɗan Bengal ne da aka tura Landan ya karanto lauya, sai ya ɓuge da wasan kwaikwayo. Duk uban da ya taɓa tura ɗa Yamai karatun likita ya dawo masa da jita ya san zafin abin. Rai ya haye Jamus neman abokan aiki, ya haɗu da wani darakta ɗan birnin Munik, Franz Osten, suka yi finafinai uku marasa magana: The Light of Asia a 1925, kan rayuwar Buddha, Shiraz a 1928, da A Throw of Dice a 1929. Giwaye, sarakuna, fadoji, duk abin da Bature ke son ya gani in an ce masa Indiya, an zuba masa. Turawa aka yi wa su, kuma a Turai suka fi ciniki. A Landan kuma ya haɗu da Devika Rani, 'yar babban likita, jinin gidan Rabindranath Tagore wanda ya ci kyautar Nobel a 1913. Tun tana 'yar shekara tara aka kai ta makaranta Ingila. Suka yi aure a 1929, suka tafi Balin, ta koyi kwalliyar 'yan wasa da tsara tufafi da sauran aikin fim a babban kamfanin UFA. A 1933 suka fito tare a Karma, wanda har yau ake zancensa saboda wata doguwar sumba da ke ciki. E, Malam, sumba, a 1933. Mata da miji ne dai, in wannan zai rage maka zafi. Ku da kuke cewa a da 'yan Indiya kunya gare su, sai dai a nuno furanni biyu suna gogar juna, ku sani kunyar daga baya ta zo.

Da suka dawo gida sai suka nemi masu kuɗi. Manyan attajirai da lauyoyin Bombay, da yawansu Farisawa, wato zuriyar masu bin addinin Zartusht da suka yi hijira daga Iran tun ƙarnoni, suka sa hannun jari. Ɗaya daga cikinsu, F. E. Dinshaw, a gidansa na shan iska da ke Malad, can bayan gari, aka kafa sutudiyon. Osten ya zo da mutanensa: Josef Wirsching mai kyamara, da Karl von Spreti mai zanen ɗakuna. Wannan na biyun ƙarshensa abin tausayi ne, don daga baya ya zama jakadan Jamus ta Yamma a Gwatemala, inda 'yan tawaye suka sace shi suka kashe shi a 1970. Mutumin da ya fara da kafa bangon katako don masoya su jingina.

Ga inda nake son ku buɗe kunne, musamman ku samarin da ke yawo da kyamara ɗaya da fitila biyu kuna kiran kanku kamfani. Bombay Talkies ma'aikata ce ta gaske, mai rajista, mai hannun jari, mai rabon riba. Tana da ɗakunan ɗaukar hoto da ba sa shigar da ƙara, da ɗakin wanke fim, da ɗakin karatu, da wurin duba marasa lafiya. Ma'aikata ɗaruruwa, kowa da albashinsa a ƙarshen wata, daga mai shara har tauraro. Ana shiga aiki da safe a tashi da yamma, ko kana da fitowa a ranar ko ba ka da ita. Kuma a ƙasar da mutum ba ya cin abinci da wanda aka ce asalinsa bai kai nasa ba, a kantin cin abincin gidan kowa tare yake ci. Rai yana neman 'ya'yan mutunci masu takardar jami'a, don a daina cewa fim aikin 'yan iska ne. Wannan magana, na san kun taɓa jin ta a wani wuri.

Bai tsira ba duk da haka. Fim ɗinsu na farko, Jawani Ki Hawa na 1935, an sa wasu 'yan mata biyu Farisawa, ya da ƙanwa, ɗaya ta tsara kiɗa ɗaya ta yi wasa. Dattawan Farisawa suka tashi haiƙan, wai an zubar musu da mutunci, 'ya'yansu mata a silima. Sai da Farisawan da ke cikin hukumar kamfanin suka shiga tsakani, aka sauya wa 'yan matan suna. Khorshed Minocher-Homji ta koma Saraswati Devi, kuma da wannan suna ta zama ɗaya daga matan farko da suka tsara kiɗan fim a Indiya. Dattawa suka huce, tunda sunan gidan bai fito a bango ba. Dattijo ko'ina dattijo ne.

Yanzu ga tsegumi, don na ga Hajiya ta fara hamma. Jarumin wancan fim na farko wani kyakkyawan saurayi ne, Najmul Hassan. Ana tsakiyar ɗaukar fim na gaba, Jeevan Naiya, sai aka wayi gari ba jarumi ba jaruma. Uwargidan mai kamfani ta bi shi sun gudu Kalkata. Hajiya, rufe bakin. Wanda ya je biko wani ma'aikacin sashen sauti ne, Sashadhar Mukherjee. Ya lallashe ta ta dawo, mijin ya karɓe ta, don in ba ita kamfanin ya durƙushe. Jarumin kuwa aka sallame shi. Sai ga fim ba namiji. Rai ya waiga ya hango wani yaro a ɗakin wanke fim, yayan matar Sashadhar, Kumudlal Ganguly, wanda shi ma karatun lauya ya gudo ya bari. Masu ba da labari sun ce abin da ya ja hankalin maigida shi ne yaron ba shi da kyan da zai sake tsere masa da mata. Yaron ya yi ta roƙo a rabu da shi, Osten ya gwada shi ya ce bai dace ba, maigida ya kafe. Aka raɗa masa Ashok Kumar, aka tura shi gaban kyamara jiki na rawa. Ya shekara kusan sittin bai fita ba.

Shi kuwa ɗan bikon, Sashadhar, in kuna son ku san ko wane ne, ku tambayi 'yan matan gidanku wace ce Kajol. Kakanta ne, mahaifin babanta. Rani Mukerji ma jikar ɗan'uwansa ce. Da bikon nan bai yi nasara ba, da wa Shah Rukh Khan zai miƙa wa hannu daga ƙofar jirgi?

A 1936 suka fitar da Achhut Kanya, kuma nan ne zan ɗan taka muku ƙafa. Labarin saurayi ne ɗan Brahmin, wato gidan malamai masu daraja, da yarinya 'yar mai gadin mararrabar jirgin ƙasa, daga cikin mutanen da a Indiya ake ƙyamar ko taɓa su. Suna son juna tun ƙuruciya, gari ya hana, aka yi wa kowa aure da wani. A ƙarshe mijinta da tsohon masoyinta suna kokawa a kan layin dogo, jirgi na tahowa, ta ruga ta tsayar da shi, ya bi ta kanta. Devika Rani ce yarinyar, da girarta a gyare irin ta matan Landan, tana ɗauke da tulu wai ita 'yar ƙauye. Masu suka sun yi dariyar wannan tun a lokacin. Mutane dai suka cika silima. Na san abin da za ku ce: kai, Indiyawa da wariya, Allah ya kiyaye, mu Musulmi duk ɗaya muke. To. Baffa na Tibiri, kai da zanen Gobir ya cika maka kunci har kunne, in ɗanka ya zo ya ce 'yar sarkin fawa yake so, ko 'yar maroƙi, ko 'yar wanzamin da ya yi maka zanen nan da hannunsa, me za ka ce? Kada ka amsa, shayinka zai huce. Mu ma Katsinawan Maraɗi ba mu da bakin yi maka dariya.

Waƙoƙin fim ɗin kuwa, 'yan wasan ne suka rera da bakinsu, don dabarar sa muryar wani a bakin wani, wadda New Theatres ta fara a 1935, ba ta gama bazuwa ba. Ashok Kumar da Devika Rani ba mawaƙa ba ne. Saraswati Devi ta yi ta rage wa karin waƙar kwana-kwana har ya zama abin da kowa zai iya bi, shi ya sa ya kama bakin jama'a. Wato sauƙin da ya sa yaro a Jiratawa ke iya bin waƙar Indiya yana korar tsuntsaye a gona, ba tare da ya san ko kalma ɗaya ba, wani ɓangarensa daga rashin muryar wasu mutum biyu ya samo tushe. Wannan ra'ayina ne, malam, ba sai ka rubuta a allo ba.

Sai yaƙi. A watan Satumba na 1939 Ingila ta shiga yaƙi da Jamus, Turawan mulki suka zo Malad suka kwashe Jamusawan suka tsare. Osten, wanda ya yi wa gidan finafinai 16 cikin shekara huɗu, aka mayar da shi ƙasarsu. Kuma kada in ɓoye muku, tun 1936 ya yanki katin jam'iyyar Hitila. Mutumin da ya ba da umarnin fim ɗin da ke la'antar wariyar asali, a shekarar da fim ɗin ya fito ya shiga jam'iyyar da ta fi kowace wariyar asali a duniya. Ku warware wannan a fada, ni ya fi ƙarfina. Himanshu Rai bai jure ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu a watan Mayu na 1940, bai kai hamsin ba.

Gida ya koma hannun matarsa. Wani daga bayan benci ya ce, "Mace?" Kai ɗan'uwa, a garin da Iya ke da fada, kuma Inna na zaune a Tibiri, kai ne za ka yi mamakin mace da mulki? Sai dai maza ba su ba ta sauƙi ba. Aka raba aikin gida biyu, ɓangarenta da ɓangaren Sashadhar, kowa na fitar da nasa fim, ana kallon juna a kaikaice. Gasar ta yi wa masu kallo rana. A 1943 ɓangaren Sashadhar ya fitar da Kismet, Gyan Mukherjee ya ba da umarni, Ashok Kumar ya fito a matsayin ɗan sane. Jarumi ɓarawo, mai taba a baki, kuma 'yan kallo na tafa masa. A ƙarshe aka gano ashe ɗan masu kuɗi ne da ya ɓace tun yana yaro, aka shaida shi da tambarin da ke hannunsa. Fim ɗin ya yi sama da shekara uku ana nuna shi a silima ɗaya, Roxy ta Kalkata. A ciki akwai wata waƙa ta Kavi Pradeep da ke korar baƙi daga ƙasar Indiya. An ambaci Jamus da Japan a cikinta, masu tace finafinai na Ingilishi suka sa hannu suna murna, su kuwa 'yan kallo sun san baƙin da ake nufi, har sukan sa a maimaita musu ita.

Ku faɗa min gaskiya, finafinai nawa kuka kalla inda yaro ya ɓace a kasuwa ko a tashar jirgi, ya girma ɗan daba, a ƙarshe uwa ta gane shi da laya ko tabo ko waƙa? Yaadon Ki Baaraat na 1973, wanda mai shi Nasir Hussain a hannun Sashadhar ya koyi aiki. Amar Akbar Anthony na 1977. Ku ci gaba da lissafi, yatsu za su ƙare. Duk jikokin wancan ɗan sane ne. Indiyawa sun kwafi kansu shekara hamsin ba ku ce uffan ba, ɗan Kano ya kwafa sau ɗaya kun kai ƙara.

A shekarar da Kismet ya fito, a shekarar aka ɓalle. Sashadhar da Ashok Kumar da Gyan Mukherjee da manajan kamfanin suka kwashe nasu ya nasu suka kafa Filmistan a Goregaon, ba nisa. Devika Rani ta rasa jarumi a karo na biyu. Sai aka kawo mata wani saurayi, haifaffen Peshawar, ɗan mai sayar da 'ya'yan itatuwa, wanda ya taɓa riƙe shagon abinci a kulob ɗin sojoji a Pune. Sunansa Muhammad Yusuf Khan. Ta tambaye shi ko ya iya Urdu, ta yanka masa albashi rufi 1,250. Shi da bakinsa ya ce ya zaci na shekara ne, ashe na wata ne. Ta ba shi sunan wasa Dilip Kumar, ya karɓa, don tsoron kada tsohonsa ya ji ɗansa ya zama ɗan wasa. Fim ɗinsa na farko, Jwar Bhata na 1944, bai yi wani abin kirki ba.

A nan ne tsofaffinmu za su shigo zancen. Ku je ku sami duk wani dattijo da ya yi samartaka a zamanin Diori, ku ce masa "Mangala", ku ga yadda fuskarsa za ta sauya. Fim ɗin Mehboob Khan ne na 1952, sunansa Aan, Faransawa suka sa masa Mangala, fille des Indes, kuma kamfanonin da suka riƙe rarraba finafinai a ƙasashen renon Faransa, COMACICO da SECMA, irin waɗannan kaya suke zuba wa silimominmu tare da na kaboyi da na Masar. Jarumin da ke kan doki yana wasa da takobi, Yusuf Khan ne, yaron Devika Rani. A ɗaya gefen iyaka kuwa Kwarori masu silimomin Kano ne suka gano cewa Bahaushe ya fi son ya ga mace da mayafi tana jin kunyar surukarta a kan Ba'amurkiya da ɗan kamfai. Ba wanda ya zauna ya tsara mana wannan soyayya. 'Yan kasuwa ne suka ga kaya mai arha yana tafiya, suka ƙaro. Har ta kai Kanawa na yi wa jarumai laƙabi, Dharmendra sarkin ƙarfi, Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin, masu bandiri kuma suka ɗauki karin waƙoƙin suka mayar da shi yabon Manzon Allah. Malam, kai ma ka taɓa gyaɗa kai a wurin, na gan ka.

Devika Rani ta gaji. A 1945 ta sayar da hannun jarinta, ta auri wani mai zane ɗan Rasha, Svetoslav Roerich, ta bar harkar fim har ta rasu a 1994. Ashok Kumar ya dawo ya karɓi ragamar tsohon gidansa daidai lokacin da ake raba Indiya da Pakistan a 1947, ana yanka juna a tituna. Ya cika gidan da Musulmi, marubuta da 'yan wasa, har aka riƙa aiko da wasiƙun barazanar ƙona sutudiyon. Babban marubucin Urdu Saadat Hasan Manto yana cikinsu, kuma a 1948 ya tattara ya koma Lahore. Duk da haka, a wannan tsakanin gidan ya yi haihuwarsa ta ƙarshe, kuma ba ƙarama ba. Ziddi na 1948 ya ɗaga Dev Anand, kuma a ciki ƙanin Ashok Kumar, wani ɗan rawar kai da ke cikin 'yan amshi, ya samu waƙarsa ta farko shi kaɗai. Kishore Kumar ke nan, muryar da kuka sha ji tana fita daga bakin Amitabh Bachchan kuna zaton tasa ce.

Sai Mahal a 1949. Kamal Amrohi ya ba da umarni, Wirsching ya fito daga tsare ya koma bayan kyamararsa, Madhubala tana 'yar shekara 16. Ita ma Musulma ce, Mumtaz Jehan, kuma a wannan gida ta fara fitowa tana ƙaramar yarinya a Basant na 1942. Labarin tsohon gida ne, da wata mace da ke yawo da dare da fitila, da mutumin da ya ga hotonsa a bango alhali an zana shi tun ba a haife shi ba. Duhu da inuwa irin na finafinan Jamus, Wirsching ya zuba su son ransa. Waƙar da ta ɗaga fim ɗin, wata yarinya siririya ce ta rera, Lata Mangeshkar. Ana son muryar ta taho daga nesa kamar ta aljana, ga shi ba na'urar da za ta yi haka. Sai aka kafa makirfo a tsakiyar ɗaki, aka kai yarinyar can lungu, aka ce ta fara rerawa tana takowa a hankali, ta iso bakin makirfon daidai inda amshi zai faɗo. In ta riga ko ta makara, a koma farko, ita da duk makaɗan. A faifan ma ba a rubuta sunanta ba, sunan matar cikin fim aka sa, sai da masu saurare suka dami gidan rediyo da wasiƙu. Kai da kake gyara murya a kwamfuta cikin minti biyar har akuya ta zama zabiya, ka ji yadda aka sha wuya. Kuma duk fim ɗin da kuka gani na wanda ya mutu ya dawo neman masoyiyarsa ko fansa, su Karan Arjun, su Om Shanti Om, ku gaishe da Mahal.

To me ya kashe gidan? Alhaji, matso, don danginka ne. Lokacin yaƙi wasu 'yan kasuwa sun yi ƙazamin kuɗi da ɓoye kaya da kwangilar soja, kuɗin da ba a iya kai wa banki. Suka ga fim wuri ne mai kyau na wanke su. Ba su gina ɗaki ba, ba su ɗauki ma'aikaci ba. Sai su sami tauraro su ce, nawa ake ba ka a wata? Ga ninkinsa goma a jaka, fim ɗaya, ba rasit. Su yi hayar sutudiyo na 'yan kwanaki, su watse. Wane ɗan albashi ne zai zauna? Taurari suka fice ɗaya bayan ɗaya, aka bar kamfanoni da masu shara da masu fitila da bashi. Prabhat ta rufe a 1953, New Theatres ta bi baya, Bombay Talkies ta yi ta shure-shure har ma'aikata suka haɗa ƙarfi suka yi Baadbaan a 1954 don ceto ta, ba ta tashi ba. Filin Prabhat gwamnati ta mayar da shi makarantar koyon fim a 1960, tana nan har yau. Na Malad kuwa ƙananan masana'antu da tarkace suka cinye shi.

Abin da ya sa nake dariya in kun ce Kano ta kwafi Indiya ke nan. Ta kwafi rawa, ta kwafi waƙa, amma tun daga Turmin Danya na 1990 har yau ba ta kwafi albashi da ɗakin karatu da wurin duba marasa lafiya ba. Daga matakin jaka da tauraro ta fara, wato daga inda Bombay Talkies ta mutu. An taɓa yin yunƙurin gina wuri na gaske, ƙauyen fim a Ƙofa cikin jihar Kano a 2016, malamai suka hau mumbari, gwamnatin tarayya ta janye kafin a aza bulo. Mu nan kuwa, da muka samu Oumarou Ganda da Moustapha Alassane tun shekarun 1960, suna kai finafinai bukukuwan duniya tun Kano ba ta san kyamarar bidiyo ba, me muka gina? Kun yi shiru. Gwaggo ta Jiratawa ta ce ita dai a bar ta da zogalenta, ba ta ga abin da zai sa mai hankali ya zuba kuɗi a gidan rawa ba. Gwaggo, jiya da dare wa na ji yana faɗa wa jikarsa ta matsa daga gaban tele, mugun ya kusa kama yarinyar?

In kun ƙi yarda da ni, tsofaffin finafinan nan suna yawo a intanet, baƙi da fari, sauti na shashsheƙa. Ka ɗauki katin wayarka ka je wurin yaron nan mai rumfar caji a bakin tasha, wanda ke zaune tsakanin wayoyi hamsin da kwamfuta mai fasasshen gilashi, yana tura wa 'yan kabu-kabu fassarar Algaita. Ka ce ya nemo maka Achhut Kanya. Zai dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Baba, akwai faɗa a ciki?" Ka ce akwai kaɗan. Zai ce, "An fassara?" Ka ce a'a. Zai ce to me ke ciki? Ka ce masa akwai jirgin ƙasa, ya kalla ya san kamanninsa tun yanzu, kafin na Kano da aka aza wa harsashi a 2021 ya iso ya same shi bai shirya ba.